Fanshon Dawa na Iro Mai Jakai

Iro mai jakai bai taɓa yi wa Nasara aiki ko na wuni ɗaya ba, amma shi ne mutum na farko da ya ci fansho a Ruwan Bago. Shi ya yanka wa kansa, kuma da dawa aka riƙa biyan sa.

Tun yana saurayi yake bin jakai. Da kaka ya kwashi gyaɗa daga kasuwannin ƙasar Rogo zuwa tashar jirgi, ya komo da gishiri da kananzir. Da rani ya yi dakon kanwa, ko tukwane, ko duk abin da ya samu. Gajere ne kakkaura, muryarsa ta fi jikinsa, ga mita kamar me. Ya yi faɗa da mai sikeli, ya yi da mai kaya, in bai sami mutum ba ya yi da jakin. Sai dai kowa ya yarda ya san kaya. Daga nesa zai kalli taiki ya gaya maka ko jaki zai kai shi, ko zai durƙushe a hanya. Duk wahalar nan abu biyu ta bar masa: gona babba a gefen fadama, wadda ya sare dajinta da hannunsa, da matarsa Hajo, wadda ya auro daga Yola ta ƙasar Karaye. Sun haifa, sun binne, har haihuwar ta tsaya, babu wanda ya rayu. Dangin Hajo kuma sun ƙare, sai wani ɗan wanta da aka ce ya yi Kurmi, ba a sake jin ɗuriyarsa ba.

Gwiwa ce ta fara cin amanarsa. Ya sayar da jakan ɗaya bayan ɗaya, ya koma gona, gonar ma ta fi ƙarfinsa. Kafin ya gama noma wannan gefe, ciyawa ta rufe wancan. Ana cikin haka wata ran kasuwar Rogo ya zauna kusa da wani tsohon soja, Ɗanmaliki, mutumin da ba ya noma ba ya fatauci, amma kullum bakinsa da goro. Iro ya kasa haƙuri ya tambaye shi sirrin. Ɗanmaliki ya ce fansho ne, lokaci ya yi ya je Karaye ya dangwala yatsa a miƙo masa.

"Har yaushe za su yi ta ba ka?"

"Har in mutu."

"In ka yi shekara ɗari fa?"

"Su ta shafa," in ji Ɗanmaliki, ya furzar da tuƙar goro.

Maganar nan ta shiga Iro ta ƙi fita. Yana da ɗan ƙane, Sulle, saurayin magidanci mai ƙarfi, ga bakuna a gida ga ƙaramar gona. Ba a yi wata ba ya ja shi zauren dagaci, aka kira liman, ya faɗi abin da ya tsara: ya bar wa Sulle gonar halak malak, Sulle kuma ya kawo masa damin dawa arba'in duk kaka, har ran da ƙasa ta rufe masa ido. An yi ruwa ko ba a yi ba, an yi fara ko ba a yi ba, arba'in.

Liman ya gyara zama. Ya ce, "Malam Iro, akwai abin da ban ji ba. In gonar nan tana hannunka ta Allah ta kasance, iyalinka tana da rubu'i, tun da babu 'ya'ya. In ka bayar, ba ta da ko kara ɗaya a ciki. A sa ta a maganar mana."

Sulle, da yake ba sakarai ba ne, ya sunkuyar da kai ya ce, "Allah gafarta Malam, Inna da sauran ƙarfinta, Baffa ya ba ta shekaru da yawa. In har da ita, sai dai a rage."

A rage! Iro bai ji sauran ba. Mutumin da ya ƙare rayuwarsa yana gardama a kan ahu, kwabo da rabi, ba ya jin kalmar nan ya yi tunani. Ya ɗaga hannu ya ce a bar maganar mata, arba'in ya ce, arba'in za a yi. Aka shafa fatiha.

Ya tarar da Hajo tana kaɗi a inuwar rumbu, ya kwashe labari ya gaya mata, yana jiran yabo. Ba ta tsayar da mazarin ba.

"Ni fa, Malam?"

"Ke me?"

"In ka riga ni."

"To wa ya ce miki mutuwa zan yi?"

Ta ci gaba da kaɗinta. Sai dai daga shekarar nan, duk kaka in an gama jera dammuna a rumbu, takan ce, "Allah ya kai mu ta baɗi, da kai." Iro ya tsani jin wannan addu'a, amma ba yadda za a yi mutum ya ƙi cewa amin.

Shekarun farko abin ya yi daɗi, ba a ƙi gaskiya ba. Dami yake zuwa wanda sai an taya ƙato ɗauka, zangarniya cike, kaura jajir. Iro ya shimfiɗa buzu a ƙofar gida, masu wucewa gona da fartanya a kafaɗa suna gaishe shi, yana amsawa da tausayi. Mutanen gari suka sa wa abin suna fanshon Iro, wasu da ba'a, wasu da hassada, shi kuwa duk ɗaya ne a kunnensa. Har wa'azi yake wa tsaransa: su dube shi, ba rana ba ruwa, ba ruwansa da wuta-wuta ko tsuntsu, hatsinsa na zuwa har gida.

Sai aka shiga yaƙin Bama, gyaɗa ta yi daraja, daga sama ana ta matsa wa dagatai a shuka ta, haraji kuma ba a karɓar sa da dawa. Sulle ya mai da tsakiyar gonar gyaɗa, dawa ta koma gefe-gefe kamar shinge. Kaka ta yi, aka kawo dammuna. Iro ya fito yana ɗingishi, ya tsaya, ya kalle su. Ya sa hannu ɗaya ya ɗaga guda.

A nan ne kuskuren ya fito fili, kuskuren da ya kamata a ce kowa ya yi shi ban da Iro. Dami ba mudu ba ne. Ba a auna shi, ɗaure shi ake yi, girmansa yana ga tsawon igiya da tsoron Allahn mai ɗaurin. Mutumin da ya yi shekara da shekaru yana ɗora wa jaki kaya, wanda ya san nauyi da ido, ya zauna a gaban dagaci ya faɗi yawan dami, ya manta bai faɗi igiya ba.

"Sulle, wannan dami ne ko tsintsiya?"

Sulle ya durƙusa har ƙasa. Abin da ya fi ƙona wa Iro rai ke nan game da yaron, ladabi. Sai da ya gaishe shi da kwana, da gajiya, da iyali, da sanyi, da ƙafa, sannan ya ce, "Baffa, a ƙirga mana."

Aka ƙirga, arba'in cif. Iro ya kai ƙara. Dagaci ya zo da kansa, shi ma ya ƙirga, ya ce, "Dami ka ce, Iro, dami aka kawo. Ko akwai wanda ba a ɗaure ba?" Iro ya ce ranka ya daɗe, ko kaza aka ɗaura wa wannan za ta kai shi Karaye. Aka yi dariya, aka watse, dami bai ƙaru ba. Baɗi ya ƙara ramewa, baɗin baɗaɗa kuma har wanda tsuntsu ya fara ci aka haɗo da shi.

Ba za a ce Sulle ɓarawo ne kai tsaye ba. Bakunan gidansa sun ƙaru, an yi shekarar da ruwa ya ɗauke da wuri ya sayo dawa ya cike arba'in ɗin, kuma ran da aka shafa fatihar nan, ya dubi tsoho mai kumburarriyar gwiwa ya yi lissafinsa a zuci cewa ba zai daɗe ba, lissafin bai fita ba. Iro ya san da haka sarai. Shi ya sa in Sulle ya ce, "Baffa, yaya ƙarfin jiki?" sai ya amsa, "Garau nake, sai dai ka yi haƙuri." Daga baya ma ya daina amsa gaisuwar. Ya zage shi a kasuwa, ya zage shi a wurin suna, ya rantse ƙafarsa ba za ta ƙara taka inda Sulle yake ba. Duk wanda ya zauna a buzun nan sai ya ji tarihin igiya, har mutane suka canja hanyar zuwa gona.

A cikin gida kuwa rumbu ya fara ƙarewa tun tsakiyar damina. Zaren Hajo ne yake cike giɓin, da ɗan ƙuli-ƙulin da take yi. Iro yana gani, yana yi kamar bai gani ba. Faɗan dami ya fi masa sauƙi, don a faɗan dami shi aka cuta. Ɗaya maganar, wadda Hajo take tuna masa sau ɗaya a shekara, ba shi da wanda zai zaga a kanta.

Wata damina ciwo ya kwantar da shi. Ƙafafu suka kumbura, zazzaɓi ya ƙi sauka, aka yi jiƙe-jiƙe da rubutu ba sauƙi. Yana kwance da hantsi ya ji ƙarar ƙwarya tana kartar ƙasan rumbu. Hajo ce ta shiga da tsufanta tana tattara abin da ya zube. Da ta kawo masa kunu, tsararo kamar ruwan wanki, ta zauna a bakin ƙofa ta ce, "An ce Ɗanmalikin nan naka ya rasu tun bazara."

"Allah ya ji ƙansa."

"Matarsa ta je Karaye karɓar abin. Aka ce da shi aka yi, ba da ita ba. Jiya maƙwabciyarmu Baraka ta gan ta a Rogo tana tallan itace."

Ta faɗa ne kamar tana ba da labarin tsadar manja, ta ɗauki mazarinta. Iro ya juya fuska bango. Dawa ko bunni ba ta yi ba tukuna. In ya mutu kafin a yanke ta, ko tsintsiyar ma ba za a kawo gidan nan ba. Haushi ya turnuƙe shi, na Ɗanmaliki da goronsa, na liman da bai matsa ba, na Sulle, na ƙafar nan. Ya nemi wanda bai ji haushinsa ba ya rasa, a ƙarshe haushin ya tsaya inda ya kamata ya tsaya tun farko, a kan shi kansa, ya ji tsoro irin wanda bai taɓa ji ba a dajin da ya kwana da jakai.

Kashegari ya sa aka aro jakin maƙwabci. Maza biyu suka ɗora shi kamar taiki, yana masifar ba su iya ɗaura akumari ba. Aka kai shi bakin gonar da ya sare da hannunsa. Sulle yana maimai, ya ɗago ya gan shi, ya yar da fartanya.

Iro ne ya fara gaisuwa. Maganar ta fito da ƙyar kamar ana zare ƙaya.

"Sannu da aiki, Sulle."

"Baffa, da ka aiko ai da na zo."

"Ba aike ba ne. Maganar Innarka ce. A sa ta."

Sulle ya dubi gyaɗarsa. Bai yi kamar bai gane ba, wannan kam a yaba masa. Ya ce a je gaban waɗanda aka yi ta farko. Aka koma zauren dagaci, aka kira liman, Iro a jingine da bango. Sulle ya ce ashirin da biyar, daga bana, muddin ɗayansu yana raye. Iro ya ce talatin da biyar, don bakinsa ya saba, ba don yana da abin ciniki ba.

"Baffa, Inna za ta iya ƙara shekara ashirin."

"Allah ya sa," in ji Iro, ya ji kansa ya faɗa kafin ya yi tunani.

"Ashirin da biyar. Ɗauri kuma irin wanda ake kawowa yanzu, kada a sake kai ni ƙara."

Dagaci ya dubi Iro ya ce, "Ka ji. Ka yarda wanda ake kawo maka ɗin dami ne?"

Shekarun da ya yi yana zagi, kasuwannin da ya tara wa Sulle jama'a, duk suka dawo masa a rai. Ya ce, "Dami ne, ranka ya daɗe." Aka shafa fatiha ta biyu.

Yabon da bai samu ba a karon farko, a wannan karon ma bai samu ba. Hajo ta ajiye muciya ta tsaya a kansa.

"Arba'in ba ta kai mu kaka ba, shi ne ka hau jakin mutane ka je ka mai da ita ashirin da biyar?"

"Ke kaɗai za ta ishe ki."

"Kai kuma iska za ka sha?"

"Ni ai tafiya zan yi. Ba ki ga ƙafar ba?"

Bai tafi ba. Wannan shi ne abin takaicin da ya fi duk na baya. Ruwa na ɗaukewa kumburi ya saɓe, zazzaɓi ya sauka, kafin a yanke dawa Iro yana zaune a buzunsa yana jin yunwa irin ta mai sassabe. Ya yi wa mutuwa ciniki ya biya, ta ƙi zuwa ta ɗauki kayanta. Sulle ya kawo ashirin da biyar, ya durƙusa ya ce yaya ƙarfin jiki, wannan karon Iro ne ya ji kamar ya ba shi haƙuri da gaske.

Baki biyu a kan abincin baki ɗaya, sai aka shiga wani sabon faɗan. Iro ya ce haƙoransa ba sa son tuwo, ya ci loma uku ya tura mata akushi. Hajo ta ce ta ƙoshi tun a madafa, ta turo masa. Ya ce ƙarya take yi. Ta ce a wurinsa ta koya. Maƙwabta suna jin su ta katanga, tsofaffi biyu suna hayaniya a kan malmala guda, kowa ya rantse ba shi zai ci ba, har tuwon ya huce. Rumbu kuwa ita kaɗai take shiga, shi gwiwa ba ta barin sa hawa. In ya tambaya saura nawa, ta ce saura abin da ya saura.

Da bazara sanƙarau ya shigo ƙasar. Ya ɗauki yara, ya ɗauki samari majiya ƙarfi, ya tsallake Iro da kumburarriyar gwiwarsa, ya ɗauki Hajo. Da safe ta ce wuyanta ya riƙe, ba a yi kwanaki ba aka kai ta.

Bayan an share makoki, Lami matar Sulle ta riƙa aiko masa da tuwo. Ba wanda ya buɗe rumbun, don ba mai sussuka. Ya daina zancen igiya. Masu wucewa gona suka dawo tsohuwar hanya, suna gaishe shi yana amsawa kamar kowa, abin har ya dame su.

Kaka ta zagayo, Sulle ya iso da jakai. Tun daga nesa Iro ya ga yadda suke tafiya ya san kayan. Dammuna ne na gaske, irin na shekarun farko, maza biyu suke sauke guda. Sulle ya kafa tsani ya buɗe rumbu don a jera, ya leƙa, ya daɗe bai sauko ba.

"Baffa, wurin ba zai ishe su ba. Na bara yana nan."

"Wane na bara?"

"Ko kashi ɗaya cikin uku ba a taɓa ba."

Iro ya san bakin da aka ci da watannin da aka yi, ba ya buƙatar a yi masa lissafi. Wannan ba ƙoshin madafa ba ne. Tun ran da aka jera dammunan nan Hajo take hana cikinta tana ja musu rai, don su kai shi kaka. Ya buga sanda a ƙasa.

"Matar nan ba ta jin magana. Don wa na je na ce tsintsiya dami ce? Don wa na hau jakin aro? Na ce ta ci, na ce ta ci, ta ce ta ƙoshi." Muryar da ta fi jikinsa ta karye a tsakiya, ya tsaya, ya sake farawa, ta ƙi.

Sulle ya sauko ya durƙusa. Ya ce, "Baffa, na yi magana da liman. Tun da Inna ba ta, a mai da shi arba'in yadda yake. Ga su nan na kawo, ɗaurin da."

Iro ya dubi dammunan, ya dubi yaron.

"Wa zai ci?"

Aka jera sabuwar dawar a ƙasa a gindin rumbu, a inuwar da Hajo take zama, aka kora jakai aka tafi. Kajin maƙwabta suka shigo ta kafar katanga suka hau kai suna tsattsaga. Iro yana zaune da sanda a hannu, yana kallon su, bai kore su ba.